Garwashin da Ya Makara

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin kogi, wadda wutar murhunta ba ta mutuwa. A wancan zamanin ashana sai gidan mai hali. Da yamma takan binne gungume cikin toka, gari na wayewa mata su yi ta zuwa da kasko. Ta ɗiba wa kowa garwashi, ta ce, "Kare shi da hannu, 'yata, akwai iska."

Cikin masu zuwa akwai wata amarya da aka kawo daga ƙetaren kogi. Baiwar Allah ko hura wuta ba ta iya ba, sai hayaƙi da hawaye. Matar nan ta zaunar da ita, ta koya mata jera itace, ƙanana a ƙasa, manya a sama, da yadda ake rufe wuta ta kwana da rai.

Kwanci tashi amarya ta yi 'ya'ya, har da jikoki. Ita kuwa matar ta tsufa tukuf, mijinta ya rasu, idonta ya dushe, numfashinta ya kasa tada wuta. Kowane gida ya iya kwantar da wutarsa, sai ƙafa ta ɗauke daga ƙofarta.

Amaryar nan ta dā takan leƙa ta kan danga, ta ga babu hayaƙi a gidan tsohuwa. Sai ta ce, "Wayyo, Mama! Bari in sauke tukunya in kai mata wuta." Tukunya ta sauka, sai gona. A dawo gona, sai gajiya. Ba mugunta ba ce fa, tana ƙaunarta ƙwarai. Gobe ce kawai ba ta ƙarewa.

Ran nan aka kwana ana ruwa. Da safe amaryar ta cika kasko da garwashi, ta kare shi da hannu, ta nufi gidan. Ta tarar da mutane tsaye a ƙofa, kowa ya yi jugum. Ta kutsa ciki. Ga murhu sanyi ƙalau. Ga gasara an dama, ba a dafa ba. Ga itace an jera, ƙanana a ƙasa, manya a sama, wuta kaɗai ake jira.

Ta durƙusa tana kuka, tana cewa, "Mama, ga wutarki na kawo." Ashe tsohuwa ta riga ta rasu.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, matar nan Mama Afiniki ce, matar marigayi Fasto Istifanus na ikilisiyarmu ta Lutheran, wadda muka binne makon jiya. Garwashin shi ne Maganar Allah da karatun da ta ba mu. Wa ke nan da bai koyi baƙi ko Addu'ar Ubangiji a bakinta ba? Amaryar kuwa mu ne, har da ni mai faɗa muku. Ranar jana'iza mun yi anko, mun cika majami'a, mun dafa manyan tukwane. Amma shekarun da ta yi zaune a ɗaki, tana marmarin a karanta mata Zabura domin idonta ya tafi, ina muke?

Mama ta huta, tana wurin Ubangijinta, ba ta bukatar wutarmu yanzu. Amma akwai sauran tsofaffi a garin nan da suka jera itace suna jira. In an tashi sujada, kada kowa ya ce sai ya sauke tukunya.