Mutumin da Ya Auna Kowa da Ƙafarsa

Akwai wani mutum, Kefas sunansa, wanda aka ba riƙon wani babban gidan namun daji a bayan gari. Gidan ba nasa ba ne. Na wani maigida ne da ya tara dabbobi iri-iri ya zuba su a fili mai faɗi, zaki a gabas, giwa can yamma bayan rafi, jimina da raƙumin dawa a tsakiya. Girman wurin ya kai in mutum ya shiga da hantsi, kafin ya isa wurin giwa rana ta take, ƙafa ta yi nauyi, yara sun fara kuka.

Saboda haka wata al'ada ta kafu a bakin ƙofa. Akwai wata tsamiya a wurin. In iyali suka zo, sai su zaunar da tsohuwarsu a gindinta, su jibge mata jakunkuna da kulolin abinci, su ce, "Kaka, ki duba mana kaya, yanzu za mu dawo." Haka ake yi wa mai dogara sanda, haka ake yi wa mai keken guragu. Su wuni suna gadin kaya, da yamma a zo a ba su labarin zaki. Ba wanda ya ga aibun wannan, har Kefas.

Maigidan kuwa ya gani. Wata rana ya kira Kefas ya ce masa, "Ban tara halittun nan domin masu ƙarfin ƙafa kaɗai ba. Zan yi tafiya. Ka gyara yadda mutane za su zaga gidan nan. Bayan kaka zan dawo, ranar kuwa zan ɗauki mutum ɗaya a bakin ƙofa, wanda na ga dama, in zaga da shi. Abin da ya gani shi ne aikinka. In bai gani ba, zan ba wani riƙon gidan."

Tun daga ranar hankalin Kefas bai ƙara kwanciya ba. A cikin gidan nan yake zaune da iyalinsa, a nan ya tsufa da aiki, bai kuma san wata sana'a ba. In aka karɓe riƙon, ina za shi?

Sai ya tashi haiƙan, gama ba rago ba ne. Ya sa aka shimfiɗa hanya daga ƙofa har bayan rafi. Ya samo tarakta, aka ƙera mata taragu masu kujeru da rufi, tana jan su tana zagaye gidan. Ya kafa rumfuna a wuraren tsayawa, ya zuba tsakuwa a ƙarƙashinsu saboda taɓo. A gaban kowace dabba ya gina 'yar katanga inda mai kallo zai jingina, aka shafe ta da koren fenti.

To, Kefas dogo ne, irin wanda in yana tafiya na bayansa sai sun yi sassarfa. Da mai walda ya tambaye shi tsawon matakalar da za a sa wa taragu, sai ya ɗaga ƙafarsa ya ce, "Daidai nan." Da magini ya tambaye shi inda katanga za ta tsaya, ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Daidai nan." Ƙananan ƙofofin shiga rumfa kuwa da kafaɗunsa aka gwada su. Bai yi da mugun nufi ba. Shi dai duk abin da ya gwada ya ji daidai, a ganinsa ya yi wa duniya daidai.

Tarakta ta fara aiki, samari da 'yan mata suna tsalle suna hayewa, kowa yana yabo. Amma gindin tsamiya bai ragu da mutum ko ɗaya ba. In Kefas ya wuce ya gan su, sai ya kau da kai ya ce wa kansa, "Tsofaffi dai ba sa son sabon abu."

Ana nan kaka ta wuce, sai ga saƙo cewa maigida yana hanya. Kefas ya shiga kai da kawowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A cikin wannan gaggawa ya diro daga matakalar tarago, ƙafarsa ta gurɗe a kan tsakuwa, ƙashi ya karye. Mai ɗori ya ɗaure ta, ya ce ko da wasa kada ta taɓa ƙasa. Aka aro masa keken guragu.

Zama bai yiwu masa ba. Ya ce wa matarsa Asabe ta tura shi ya yi zagayen ƙarshe, ya tabbata kome na nan yadda ya bari. Suna isa rumfar farko, ƙofar ta ƙi karɓar keken, sai da suka zaga ta baya. Ƙafafun keken suka nutse a tsakuwa, Asabe tana turawa tana nishi. Da tarakta ta tsaya, Kefas ya dubi matakalar nan tasa, ya ga ta yi masa nisa kamar reshen itace. Sai da maza biyu suka cicciɓe shi kamar buhun masara, jama'a suna kallo. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

A wurin giwa aka sauko da shi, aka tura shi gaban katanga.

Asabe ta ce, "Baban Sila, dubi yadda take kaɗa kunne."

Ya ce, "Ina?"

"Ga ta nan gabanka mana."

Kefas ya miƙa wuya iyakar ƙarfinsa. Yana jin hucinta, yana jin warinta, yana jin ƙasa na motsi in ta taka. Amma abin da idonsa ya gani koren fenti ne. Haka a wurin raƙumin dawa, sai kansa kawai ya hango a sama. Haka a wurin zaki. Nan fa maganar maigida ta dawo masa, "wanda na ga dama," sai tsoro ya kama shi. Ashe ba ƙin sabon abu ne ya zaunar da mutanen tsamiya ba.

Ya tara ma'aikata ya gaya musu. Kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Sai Zakka direban tarakta ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Oga, abin ai mai sauƙi ne. Daga yau a hana zama a gindin tsamiya. A ce musu za a sare reshe, duk mai tsoho ya bar shi a gida. In maigida ya zo, wa zai samu a bakin ƙofa in ba masu lafiya ba? Aikinka kuma ya fita fes."

Gaskiya shawarar ta shiga Kefas. Mai tsoro ba ya rena mafita. Ya ce wa Asabe ta kai shi gindin tsamiya, shi da kansa zai sanar. Ta kama keken ta tura shi.

Da suka isa, Asabe ta tsaya daga gefe. Wata tsohuwa da ke zaune cikin jakunkuna ta ɗago ta dube shi. Ba ta san shi ba. Ta janye wata kula ta gyara masa wuri a inuwa, ta ce, "Sannu, ɗana. Matso nan, rana za ta same ka a can. Kai ma sun bar ka da kaya ne? Kada ka damu, in sun dawo za su ba mu labari."

Kefas ya fasa sanarwar da ya zo yi. Ya daɗe a zaune a cikinsu, ƙwalla ta cika masa ido. Da ya koma wurin ma'aikata, abin da ya ce kawai shi ne, "Ku kawo guduma."

Aka shiga fasa abin da aka gina. Aka huda katangu aka sa sandunan ƙarfe, yadda na zaune zai gani, dabba kuwa ba ta da hanyar fita. Aka kwashe tsakuwa, aka faɗaɗa ƙofofi, aka ɗora wa taragu faffaɗan katako a maimakon matakala. Kowace guduma da ta sauka, a zuciyar Kefas take sauka, gama yana kallon gidan da ya ƙawata yana komawa kamar kango. In maigida ya ga ɓarna ce fa? Ba su kuwa gama ba. Katangar zaki tana nan tsaye cif lokacin da aka ce ga maigida a bakin ƙofa.

Maigidan ya shigo, ya dubi tarin ɓaraguzai, ya dubi ƙafar Kefas. Ya wuce jama'ar da ke jiran tarakta, ya nufi tsamiya kai tsaye. Ya durƙusa gaban wani dattijo mai keken guragu ya ce, "Baba, zo mu zaga." Shi da kansa ya tura shi kan katakon har cikin tarago. Kefas yana biye.

Da suka dawo, maigidan ya ce, "Baba, me ka gani?"

Dattijon ya ce, "Na ga giwa da idona. Na ga raƙumin dawa tun daga kofato har ƙaho. Zaki kuwa, muryarsa kawai na ji."

Gaban Kefas ya faɗi. Maigidan ya juyo gare shi ya ce, "Wa ya fasa mini katangu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Maigidan ya ce, "To, da saura guda. Ka riƙe gudumar, ka riƙe gidan."

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Maigidan shi ne Ubangiji, gidan kuwa ikkilisiyarsa ce da dukan alherin da ya tara a cikinta. Kefas kuwa mu ne, mu da aka ba riƙo, daga mai wa'azi har mai share daɓe. Ba mugaye ba ne mu, aiki ma muna yi har da gumi. Laifinmu ɗaya ne, da jikinmu muke awo. Wanda ya iya karatu yana ganin kowa ya iya, sai ya bar sabon tuba yana juya takardu cikin kunya. Mai kunne lafiyayye ya kama kujerar gaba, ya bar tsohon da ba ya ji sosai a can baya. Matakalar majami'armu ma, yaushe rabon da wani ya tsaya ya tambaya ko wa ta hana shiga? In ba su zo ba kuma, mu ce sanyin bangaskiya ne ya kama su.

Akwai kuma shawarar Zakka, wadda ba ta taɓa tsufa ba, wato mu kawar da raunana daga gabanmu don aikinmu ya yi kyan gani. Ku yi hankali da ita. Ranar da Maigida zai dawo, ba fenti zai duba ba, wurin wanda aka bari a baya zai fara zuwa. Shi kansa Yesu bai tsaya a sama ya ce mu hau ba. Saukowa ya yi, ya zauna inda muke zaune, ya ga abin da muke gani. Bai kuma nemi mu gama kome kafin ya karɓe mu ba, amma yana so ya same mu a bakin aikin, ko da abin da za mu fasa da hannunmu muka gina shi.

Kefas sai da ƙashinsa ya karye ya gane. Kai kuwa, ɗan'uwa, yau an gaya maka kana tsaye a kan ƙafafunka biyu.