Wandon Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani saurayi ne, Jatau, zai je gaida iyayen Kande, yarinyar da yake so. Sai ya ɗinko wando, ya sa ƙarti biyu suka ja, ko gezau. Amma ya matse shi ta baya. Sai gogan ya ɗauko aska, ya ɗan tsaga kaɗan.

Yayarsa Yalwa ta ce, "Kai, ba ka ga mai yadi ba? Baki kawai yake yi wa yadin, sai ya ja, ya yage har ƙarshe. Kawo in ɗinke."

Ya ce, "Wandon da ya gagari ƙarti?" Sai ya saka wandon da 'yar shara, ya fice.

Ya tarar da uban Kande a zaure. Sai ya durƙusa. Sai wando ya ce kyar.

Tsoho ya ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Kaza ce, Baba."

Ya shiga wajen uwar. Ya durƙusa. Wando ya ce kyaaar.

"Mene ne?"

"Zabuwa ce, Inna."

Saura kaka, ga ta da nauyin ji. Ta ce, "Ƙara sunkuyowa, ɗan nan, ban ji ba." Ya sunkuya. Sai ɓaraaat! Wando ya rabu biyu, iska ta samu hanya.

Kaka ta ce, "Wannan kam na ji."

Jatau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. In ya juya, shi da Kande sai a lahira. Sai ya riƙa ja da baya, yana ta gaisuwa.

Uban ya ce, "Kun ga ladabi? Ko ƙeya ba ya nuna wa manya. Na ba shi!"

Ashe Kande ta dawo daga rijiya, tana tsaye a bayansa. Ta ga abin da ta gani. Sai ta yafa masa gyalenta.

Aka yi biki. Tun daga nan, in Jatau ya je gidan surukai, da baya yake fita, tunda da shi aka san shi. In kuwa ya ɗaga wa Kande murya, sai ta ce, "Kyar." Sai ya yi tsit.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku ɗinke ɓaraka tun tana ƙarama. Kai mai dariyar nan, juyo mu ga naka.