Wadda Take a Layi na Biyu

Akwai wata matashiya a Magariya mai suna Aziza, dillaliya ce, amma kasuwarta a cikin salula take. Wani kamfani a Damagaram, sunansa ya ɓace mini, yana sayar da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Duk wanda ya sayi famfo ta hanyarta, tana da la'ada.

Ga yadda abin yake. Idan manomi ya rubuta "famfon sola" a Google, tallar dillalai ce ke fara fito masa. Matsayin kuwa gwanjonsa ake yi, mai ƙara farashi yakan hau sama, kuma duk wanda ya taɓa tallarka, kai za ka biya, ko ya saya ko bai saya ba.

Babban abokin takararta taubashinta ne, Shafi'u. Ya fi ta jari, kullum shi ne a sama, ita a ƙasansa.

"Ta biyu, ina kwana?" haka yake gaishe ta.

"Lafiya lau, mai rumfar bakin ƙofa. Allah ya sa akwai kaya a ciki."

Sai kamfani ya aiko cewa kafin aikin rani ya kankama, dillali ɗaya zai riƙe a yankin: wanda ya fi kawo masu saye na gaske. Shafi'u ya ninka farashi, ya rubuta a tallarsa: "Yana jan ruwa daga kowace rijiya."

Wata rana, Talata ce ko Laraba ban riƙe ba, wani dattijo mai garka a Guci, Malam Lado, ya taɓa tallar Aziza, ya ga lambarta, ya kira.

"'Yata, na sayar da bijimina. Famfon nan nake so."

"Baba, rijiyarka gaba nawa ce?"

"Tara."

A makon nan kaf Aziza ba ta samu ciniki ba, amma ta ce:

"Baba, kada ka saya. Wannan ba ya wuce gaba huɗu. Riƙe kuɗinka, mai ƙarfin yana zuwa bayan wata biyu."

"Ikon Allah! Yau ga dillalin da ke korar ciniki."

Da Shafi'u ya ji, dariya har da riƙe ciki. "Kin biya kuɗin taɓawa don ki ce wa mutum ya tafi! Koma sayar da ƙuli, taubashiya."

Shi kuwa ya sayar da bakwai. Ba a yi kwana goma ba, biyar suka dawo a bayan amalanke, domin rijiyoyin sun fi ƙarfinsu. Kamfani ya soke la'adarsu.

Ashe Malam Lado shi ne shugaban ƙungiyar masu garka na Guci, kuma da yawansu a fadama suke, inda ruwa ke kusa. Ranar kasuwa ya tara su, ya ɗaga salularsa.

"Idan kun bincika, ku tsallake na saman nan. Ku taɓa na biyu. Mai tallar za ta tambaye ku zurfin rijiya."

Mutum goma sha ɗaya suka saya, babu famfo ko ɗaya da ya dawo. Kamfani ya riƙe Aziza.

Da hantsi Shafi'u ya zo ƙofar gidansu, yana ta murza hularsa.

"Ta biyu... wato, Aziza. Ko kina neman mai kai kaya a babur?"

"Ina nema. Amma da igiya za ka riƙa tafiya."

"Igiyar me?"

"Ta awon rijiya. Sai ka auna kafin ka buɗe baki."

Ta ɗauko igiyar, ya yi dariya, ya miƙa hannu ya karɓa.

Darasi: Kuɗi na iya ɗora ka a layin farko, amma ba ya sa mutane su yarda da kai. Faɗa wa mai saye gaskiya ko da cinikin ranar zai kuɓuce maka. Ku tura wa 'ya'yanmu masu neman halal ta salula, ko wani ya amfana.