Jikar Tabawa Tana Jiran Suna

To jama'a, ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ni ba zan yanke ta ba.

A garinmu akwai wata mata mai ƙuli-ƙuli, Tabawa. Mace ce mai kirki, amma kai, taurin kai! Sau biyu ma'aikatan lafiya suna zuwa duba matan gari kyauta saboda ciwon daji, sau biyu tana garƙame ƙofarta. Cewa take mai lafiya ba ya zuwa neman cuta. Kuma ta tashi da jin cewa daji ba ya shiri da allura, da ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu a jiki.

Ana gab da sallah ta je awon riga wurin telarta Rakiya. Da Rakiya ta zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, sai yatsanta ya ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a gefen maman hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Shekara goma tana auna wannan jiki, ba ta taɓa jin shi ba. Da wata ce, da ta ja bakinta ta yi ɗinkinta, don wa yake son kai mugun labari? Rakiya ta cije ta faɗa. Tabawa ta wanke ta tas, ta ce baki za ta yi mata, ta fizge atamfarta ta fice. Amma tun daga ranar hannunta bai bar wurin ba, tsoro ya shige ta.

Asibiti dai ba za ta ba. Sai ta lallaɓa wurin Gwaggo Zulai mai maganin gargajiya, wadda duk garin aka sani da jiƙon daji. Tsohuwa ta lalluba, ta mayar da ƙullin sassaƙenta cikin ƙwarya.

Ta ce, “Tabawa, irin wannan na yi wa ƙanwata jiƙo wata bakwai, da hannuna na yi mata wankan gawa. Ba zan ba ki ko cokali ɗaya ba. Ɗauko mayafinki.”

Da rana tsaka, kowa yana kallo, mai magani ta riƙo hannun marar lafiya har asibitin gari. Har yau akwai masu cewa Zulai ta zubar da sana'arta a ranar.

A can suka tarar da Malama Sahura, ma'aikaciyar jinya, da wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka da ake haɗawa da waya. Ta shafa mai, ta ɗora, sai ga abin ya fito a fuskar wayar. Ta ce sai an je birni an ɗebo kaɗan da allura a tabbatar. Jin allura, wallahi Tabawa ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba, ta gudu ƙauyen yayarta. Sahura ta hau acaɓa ta bi ta, aka ce ba ta nan. Ta koma, aka sake ɓoye ta. A zuwa na uku ta taho da wata dattijuwa da aka yi wa aikin irin wannan ciwo shekara shida da suka wuce, ta buɗe tabon ta nuna wa Tabawa. Sannan ne ta yarda ta shiga mota.

Daji ne kuwa, amma likita ya ce an kama shi da wuri. Aka cire, ta sha wuyar magani wata da watanni, Allah ya tashi kafaɗunta. Ta bi gidajen nan uku tana kuka tana godiya, har durƙusa wa Rakiya ta yi, ita da a shekaru ta haife ta.

Jiya matar ɗanta ta sauka, an sami mace. Ɗan ya ce, “Inna, ke za ki zaɓi suna.” Tabawa ta ce sunan wadda ta ceci ranta za a sa. Da ta buɗe baki ta faɗa, sai ta kasa. Ba don Rakiya ba, da ba wanda ya sani. Ba don Zulai ba, da tana can tana ɗirkar jiƙo. Ba don Sahura ba, da tana ɓuya a ƙauye abin yana cin ta.

Jaririya ɗaya ce, an riga an ɗaure rago, saura kwana shida. To, ku faɗa mini, sunan wa za a raɗa mata?