Sabuwar Kujerar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Inna, muna ji.

Da Zaki ya sake cin zaɓe, ya zauna rabon ministoci, sai Akuya ta je ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a cire mana Kura daga ministar kasuwa, ta cinye komai!"

"An cire ta," in ji Zaki.

Akuya ta rangaɗa guɗa. Tana fitowa sai ga Kura tana sakace.

"Yaya Kura, sai haƙuri. Yanzu sai gida?"

"Wane gida, ƙanwata? Makarantu aka ba ni. 'Yan biyunki aji nawa suke?"

Akuya ta zuba da gudu, ta kwaso 'ya'yanta. Shi ya sa har yau suna gindinta, ba boko.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ku matso kusa da ni.