Katin da Ya Isa Shagamu

Ku gyara zama. Labarin nan babu mugu ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa har yau ba a gama shari'arsa ba. In na kai ƙarshe sai ku karɓa.

A Funtuwa, a zamanin da gaisuwar Sallah sai ta bi ta gidan waya, an yi wani mai yin katin gaisuwa da ake kira Malam Tanimu. Rumfarsa na kan hanyar tasha, komai kuma da hannu yake yi. Yakan sassaƙa hatimi a jikin tsohon takalmin roba, ya fitar da fure ko jinjirin wata. Ganyaye kuwa, tsohon fim ɗin hoton ƙashi yake samowa daga asibiti, ya yanke siffarsu da reza, ya ɗora fim ɗin a kan kati, ya dangwali launi da soso ya daddanna. In ya ɗaga sai ga reshe kwance. 'Yan makarantar kwana, samari masu neman aure, ma'aikatan jirgin ƙasa masu aika katin Kirsimeti gida, duk wurinsa suke zuwa.

Bai haihu ba, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya. Mutum uku ne a hannunsa, dukansu a rumfar suka yi hankali har suka zama manya. Maiwada shi ke sassaƙa da yanka. Delu, 'yar ƙanwar matarsa da ya riƙa tun tana ƙarama, ita ke haɗa launi da bugawa. Haladu shi ke zaga shaguna da tashoshi da gidan waya. Malam bai taɓa ce wa ɗayansu aikinsa ya yi ba. In an nuna masa, sai ya girgiza kai ya ture da bayan hannu, kowa ya san ma'anarsa a sake. In aiki ya yi kuwa, shiru kawai zai yi. Haladu yakan ce ranar da Malam ya yabi mutum, a fara taɓa goshinsa a ji ko zazzaɓi ne.

Akwai kati ɗaya da ba ya bari kowa ya sa wa hannu. Kowane azumi yakan zauna shi kaɗai ya buga furen bado shuɗi da ganye biyu, babu rubutu ko kalma ɗaya, ya sa a ambulan ya ba Haladu ya kai gidan waya. Shagamu katin ke zuwa, wurin ƙanensa Ɗayyabu mai fataucin goro. Yaran sun san 'yan'uwan ba sa ga-maciji, sun kuma san Malam ya hana a ambaci sunan ƙanen a rumfa, ya hana kowa ya rubuta ko harafi zuwa wannan adireshi. Iyakar saninsu ke nan.

Abin da ba su sani ba shi ne wannan. Lokacin da uwar 'yan'uwan ta kwanta ciwon ajali, Tanimu ya yi ta jinkirin aika wa ƙanensa, yana cewa za ta ji sauƙi, har aka binne ta Ɗayyabu bai zo ba. Da ya iso, ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai ranar da yayansa da kansa ya kwanta mutuwa. Wata goggonsu ta hana su gaba ta har abada, ta ce ko ba komai a riƙa gaisawa sau ɗaya a shekara. A zaure, su biyu, suka daidaita. Tanimu zai riƙa aika kati kowace ƙaramar Sallah, alamar yana nan da ransa da lafiyarsa. Ɗayyabu ya ce, "Sallar da ta zo kati bai zo ba, Yaya, na san kira ne. Zan taho." Kunya ta hana Tanimu faɗa wa kowa, har matarsa.

Shekaru suka tura. Ana saura kaɗan a ga watan azumi, Malam ya faɗi a bakin rumfa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi, hannun hagu ya rage sai rawa. Hankalinsa kuwa yana nan garau. Ya ji abin da likita ya gaya wa Maiwada a bakin ƙofa, bai kuma tsorata sosai ba. Abu ɗaya yake so, ya ga Ɗayyabu, ko da ba zai iya ce masa komai ba. Abin kuma mai sauƙi ne. Ba sai ya yi komai ba. Ya kwanta kawai, Sallah ta wuce babu kati.

Suka shimfiɗa masa katifa a cikin rumfa, don sun ga ya fi natsuwa da jin warin launi. Da azumi ya yi nisa, idonsa ya riƙa komawa kan akwatin kayan aikinsa, yana tunanin zauren nan da goggonsu, hawaye na bin gefen fuskarsa. Delu ce ta lura. Ta kira sauran biyun waje ta ce ta gano abin da ke cin Baba, lokacin katin Shagamu ya yi, ga shi ba hannu. Suka yi shawara su yi masa, yadda ko ƙanen ba zai gane ba, kada zumuncin da ya rage kamar zare ya tsinke a kan idonsu. Malam yana jin su ta cikin asabari.

Maiwada ya buɗe akwatin ya tarar tsohon hatimin badon ya tsage gida biyu, robar ta bushe. Ya samo takalmi ya sassaƙa sabo, ya buga a takarda, ya durƙusa ya nuna. Malam ya girgiza kai da duk ƙarfin da ya rage masa. Maiwada ya ce, "To, Malam," ya koma ya ɗauki aska. A nan Malam ya ga wata 'yar ƙofa. In ya yi ta ƙin aikin, lokacin da wasiƙa za ta iya isa Shagamu kafin Sallah zai wuce. Sai ya riƙa girgiza kai ga duk abin da aka kawo. Maiwada kuwa kowace girgiza sai ta ƙara masa ido. Ya haɗa ɓangarori biyu na tsohon hatimin ya yi ta kallo, har ya gane kunnen fure ɗaya ya fi sauran gajarta, inda askar Malam ke zamewa in ta zo kwana. Ya koya wa hannunsa wannan zamewa. Ya yanke yatsa a wajen, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, da ƙishin azumi a bakinsa.

Delu ta kama launi. Malam bai taɓa faɗa mata yadda yake haɗa shuɗin badon ba, don ba irin na sauran katuna ba ne. Ta dama shuni da ƙaro ta kawo a ƙoƙo. Malam ya miƙa hannun hagu ya kifar da shi a kan tabarma. Ta tsaya tana kallon launin yana bin saƙa, sannan ta ce a hankali, "Na ji, Baba. Ya yi duhu." Ta kankare busasshen launin da ya maƙale a tsohon soson Malam, ta jiƙa, ta shinshina, ta ɗanɗana da bakin harshe bayan an sha ruwa. Ta ji ɗan tsami. Ta tuna kowane azumi yakan aike ta sayen zoɓo alhali shi ba ya sha. Ta ɗiga ruwan zoɓo a cikin shunin, sai ga launin ya juya ya zama na bado da hantsi. Ta yi ta gwaji a kan ɓatattun katuna har ta kama nauyin hannunsa a kan soso, mai ƙarfi a gindin ganye, sassauƙa a baki.

Tambaya ɗaya Malam yake jira, wani ya ce ko dai a bari kada a aika. Ba wanda ya yi ta. Abin da suke tambaya kullum shi ne, bai yi ba ko?

Ranar da suka kawo na ƙarshe, lokacin gidan waya ya riga ya wuce, Malam kuma ya san haka, zuciyarsa ta ɗan kwanta. Delu ta ɗaga katin a gaban idonsa. Ya duba. Ya nemi inda zai kama su, a kunnen furen, a jijiyar ganye, a bakin launi, bai samu ba. Da an gauraya shi da nasa, shi kansa ba zai ware ba. Wani abu ya cika masa ƙirji wanda bai taɓa bari ya fito ba tun da ya fara koya musu. Ya shagala da kallo, ya manta da girgiza kai. Delu ta juya ta ce da sauran, "Baba ya yi shiru."

Saura kaiwa. Haladu ya ce tunda gidan waya ba zai isar ba, ƙafarsa za ta isar. Ya zo sallama da ambulan a hannu, Malam ya cafke ta da hannun hagu ya ƙi saki. Haladu ya ɗauka so yake ya kai da kansa. Ya durƙusa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ka bar mini, Malam. Wallahi kafin a sauko daga idi yana hannunsa." Ya hau bayan motar shanu mai zuwa kudu. Motar ta lalace a daji bayan Jaba, ya taka da ƙafa zuwa gari na gaba da katin a cikin riga, an naɗe shi a leda don ruwan sama. Ya sami wata motar, ya sauka, ya sami wata. Ranar jajibere ya shiga Sabo, unguwar Hausawan Shagamu, ƙafafu a kumbure. Bai sami Alhaji Ɗayyabu a gida ba, an ce yana tasha. Ya ba matarsa katin daga bakin zaure. Ta tambayi mutanen gida, ya amsa yadda kowa ke amsawa, ya ce lafiya lau, suna gaisuwa. Ya juyo, don ba ya son Sallah ta wuce Malam bai ji an kai ba.

Da ya dawo ya ba da labari, su ukun suka yi murna irin ta waɗanda suka sauke kaya. Malam ya rufe ido. Duk da haka bai yanke ƙauna ba. Ya riƙa cewa a ransa Ɗayyabu ya san hannunsa tun suna yara suna zane a ƙasa da tsinke, zai gane. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana korar kuskure daga hannun almajiransa ya kwanta yana roƙon Allah ya sa sun bar ko guda. In mota ta tsaya a hanyar tasha sai ya kasa kunne. In an yi sallama sai ya juya ido. Masu sayen kati ne, ko masu dubiya. Malam bai kai babbar Sallah ba.

Sai a lokacin suka karya dokarsa, suka aika da wani direban motar goro. Ɗayyabu ya iso bayan an yi sadakar uku, tsoho mai furfura, da fuskar Malam sak. Ya karɓi gaisuwa, ya je maƙabarta ya dawo, sannan ya zauna a rumfar ya fito da katin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya tambaya yaushe yayansa ya faɗi. Suka faɗa. Ya tambaya wa ya yi wannan. Suka faɗa, har da ɗan alfahari, don sun ɗauka abin da zai sanyaya masa rai ne.

Sai ya ba su labarin zauren. Ya ce shekarar nan da ya ga kwanakin zuwan kati sun wuce, ya haɗa jakarsa. Ranar jajibere yana tasha ne yana kama wuri a motar da za ta tashi arewa washegarin Sallah. Ya koma gida ya tarar da ambulan. "Ban yarda da farko ba, don ba kan sarki a jikinta. Na duba kunnen furen, gajeren yana nan. Na kai hanci, na ji zoɓo. Na tambayi mai ɗakina abin da ɗan aiken ya ce, ta ce lafiya lau. Sai na ce Yaya ne da taurin kansa, har yanzu bai gaji ba. Na kwance jakata."

Ba wanda ya yi kuka a lokacin. Delu ta tashi ta tsaya a inda katifar take a da, ta dawo ta zauna.

Ɗayyabu ne magaji, ya ce shi goro ya sani, akwatin kayan aikin kuma ba a raba shi, mutum ɗaya yake buƙata. Ya ce bai riƙe su da komai ba, abin da shi da yayansa suka ɓoye ba laifin wanda bai sani ba ne. Amma zai ba da akwatin ga wanda aikinsa ya fi tsayar da shi a Shagamu, don wannan ne ya fi kusa da hannun Yaya da zuciyarsa. Shi kansa ya kasa faɗar ko wane ne.

Maiwada ya ce shi ne, kuma ba ya so. Tsohon hatimi ya riga ya tsage, da ya bar shi haka da babu fure, babu kati. An girgiza masa kai har ya daina ƙirgawa, bai taɓa tsayawa ya ce me ake nufi ba.

Delu ta ce ita ce, ita ma ba ta so. Ita ta fassara hawayen, ita ta kawo shawarar. Da ta bar launin yadda ya fara fitowa, da kallo ɗaya zai tona su. An kifar mata da ƙoƙo a gabanta, ta tashi ta je sayen zoɓo.

Haladu ya ce su yi shiru duka. Da hatimin da launin, da suna nan Funtuwa a cikin ambulan har yau in ba don ƙafarsa ba. Shi ya buɗe yatsun Malam da hannunsa, shi ya ce lafiya lau.

Akwatin yana tsakiyarsu a kan tabarma, kowa na jawo laifin wajensa, ba mai miƙa hannu. Motar Ɗayyabu kuma da safe za ta tashi.

To, ku da kuka ji, tsakanin Maiwada da Delu da Haladu, aikin wane ne ya hana Ɗayyabu hawa motar nan? Wa za a miƙa wa akwatin?