Gashin da Ya Koma Cikin Bango

Akwai wata mace a wani gari, sunanta Afiniki, wadda Allah ya yi wa baiwar gashi. Ba ta da wata dukiya, mijinta Barnaba manomi ne, abin da gona ta bayar shi suke ci. Amma gashi kam, sai dai a ce madalla. In ta tsefe shi ta zauna a tsakar gida, har gadon baya yake sauka, baƙi wuluk, mai cika hannu. Mata kan ce wa 'ya'yansu, "Zauna a yi miki kitso, ko kya yi gashi irin na Afiniki." Ita kuwa tana jin daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Tun tana yarinya mutum ɗaya ke yi mata kitso, ƙanwar babanta ce, ana ce mata Gwaggo Kyauta. Tsohuwar nan hannunta da sanyi, amma bakinta ba ya kewaye-kewaye.

Wata shekara aka kawo wani mai a kasuwa, irin wanda ake shafawa gashi ya miƙe ya kwanta. Afiniki ta ga wata ta shafa, sai nata gashin ya daina yi mata kyau a ido. Ta saya ta shafa. An ce a bar shi ɗan lokaci kaɗan a wanke, ita kuwa ta ce a ranta, in kaɗan ya yi kyau ai da yawa zai fi. Ta bar shi har kanta ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono. Gashi ya kwanta luf, yana sheƙi, aka yi ta yabawa. Da sabo ya fara tsirowa daga ƙasa ta sake shafawa, ta kuma sakewa.

Ba a daɗe ba bakin gashin ya yi ja, ya bushe kamar gemun masara, ya tsattsage. In ta sa mataji, sai ya fito da abin da bai shiga da shi ba.

To, a garin nan mace ba ta yar da gashin da ya zube a ƙasa. Iyaye sun ce kada iska ta kwashe shi, kada tsuntsu ya kai sheƙa, kada mai mugun nufi ya tsinta. Sai a nannaɗe shi a yatsa, a cusa a tsagar bango. Afiniki tana da tata tsagar a bayan ɗakin girki. Da can abin da take cusawa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yanzu kuwa sai ta danna da babban yatsa kafin ya shige.

Ran nan ta tafi kitso. Gwaggo ta zaunar da ita, ta bubbuɗa kan, ta murza bakin gashin tsakanin yatsunta, ya karye.

Ta ce, "Wa ya yi miki wannan ɓarna?"

Afiniki ta ce, "Ba kowa, Gwaggo. Rani ne."

Gwaggo ta ce, "Ranin nan ya bi ta kaina ni ma, bai ci ba. Ki bar man kasuwan nan. Saiwarki lafiya lau take, baki ne ya mutu. A rage kamar tsawon yatsa, ki koma man kaɗanya da karkashi, kafin kaka ya dawo."

Afiniki ta dafe kai da hannu biyu. "Tsawon yatsa? Gwaggo, kin san shekarun da na yi ina tara shi?"

"Na sani mana, ni na kitsa shi. Amma tsagewar gashi ba ta tsayawa a baki, 'yata. Hawa take yi, kamar yagewar zane."

"A bar shi ya huta, zai gyaru da kansa."

Gwaggo ta ajiye tsinken kitso. Ta ce, "Mai rai ne ke hutawa. Ni dai ba zan ɗora kitso a kan wannan ba."

Afiniki ta ɗaura ɗankwali ta fita ranta a ɓace. Ta wuce kasuwa wurin wata mai kitso. Wannan ta duba kan ta ce, "Haba Anti, wannan ai ba komai ba ne. Za mu rufe shi, ba wanda zai gane." Ta kawo gashin doki ta haɗa, ta ja kitso tamau. Ya yi kyau ƙwarai, ba ƙarya. Ranar Lahadi a coci aka ce gashin Afiniki ya ƙara tsawo.

Amma nauyi ne aka ɗora wa mara lafiya. Fatar da mai ya ƙona ta yi ƙuraje a ƙarƙashin kitso, ƙurajen suka fashe suka zama gyambo. Ta daina cire ɗankwali ko a cikin gida, ko da ana zafin bazara. Ranar da ta tsefe, rabin nata ya bi na doki. Ta nannaɗe ta cusa a bango, ta koma aka sake rufewa. Tsaga ta cika, ta nemi wata kusa da ita.

Wata safiya Barnaba yana cin ɗumame kafin ya tafi gona, sai ya tsaya, ya sa yatsu a baki, ya zaro wani dogon sili a hankali, ya ɗaga shi sama yana kallo.

Ya ce, "Afiniki, miyar yau ta kuka ce ko ta gashi?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Maigida, kuskure ne."

Ya ce, "Tun damina nake cin kuskuren nan ban yi magana ba. Na ce ko kya faɗa mini da bakinki. Cire ɗankwalin in gani."

Ta kai hannu ga ɗankwalin. Can ta kwance shi, hawaye na zuba. Ya duba, bai yatsina fuska ba, bai kuma ce ai ga irinta nan ba. Sai ya ce, "Zan biya in kira Gwaggo."

Ta ce, "Za ta ce a aske."

"To a aske mana."

"Maigida, ka manta garin da muke? A nan mace ba ta aske kai sai mijinta ya mutu. Za a ce fatan mutuwa nake yi maka."

Gaskiya ta faɗa, haka al'adar garin take. Barnaba ya side hannu, ya saɓa fartanyarsa. Ya ce, "Ranar mutuwata ba a bakin almakashi take ba. Wanda ya ce na mutu, turo shi gona ya taya gawa noma."

Da hantsi Gwaggo ta iso da almakashi a ƙulle a bakin zane. Ta duba kan Afiniki a rana. Sa'an nan ta ce, "Da can tsawon yatsa na nema. Yau duka ne. Gyambon nan sai ya sha iska, magani ya taɓa shi. In kika sake rufe shi, zai cinye saiwar, ki zauna da sanƙo har ki tsufa."

Afiniki ta kai hannu ƙeya, ta kama ɗan abin da ya rage. Ta ce, "Gwaggo, a bar na baya mana. Dubi, har yanzu da tsawonsa. In an yi haƙuri sabo zai taras da shi."

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ina tsagarki? Ɗauko faifai ki biyo ni."

Suka zagaya bayan ɗakin girki. Tsohuwa ta sa kibiyar tsifa a tsagar bango tana zaƙulowa. Dunƙule ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo. Ta koma tsaga ta biyu. Na farko-farko ƙanana ne, baƙaƙe. Na baya-bayan nan manya, jajaye, busassu. Faifai ya yi tozo.

Gwaggo ta miƙa mata. Ta ce, "Ungo gashinki. Wanda kike tsoron almakashi ya raba ki da shi, ya riga ya tafi tuntuni. Bangon nan ya fi ki gashi yanzu. Abin da ya rage miki saiwa ce, ita ma tana neman ficewa."

Afiniki ta riƙe faifan tana kallo. Kullum ɗan kaɗan take cusawa, ba ta taɓa ganinsa a haɗe ba. Ta ajiye shi a ƙasa, ta koma tsakar gida, ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Yanke, Gwaggo."

Aka yanke, aka aske sauran, aka wanke da ruwan ɗumi, aka shafa maganin da aka karɓo a asibiti. Iska ta bi ta kan fatar, Afiniki ta ji wani sanyi da ta manta akwai shi. Ta yi kuka, amma kanta ya yi sakayau.

Kashegari maƙwabciyarta Dinatu ta shigo aron rariya, ta ga kai ƙwal-kwabo. Ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, "Wayyo Barnaba! Yaushe?"

Barnaba yana gindin bishiya yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Ɗazu-ɗazun nan, Dinatu. Ƙaraso ki gaida gawa."

Dinatu ta zauna a ƙasa don dariya, har Afiniki ma sai da ta murmusa. Gari kuwa ya yi magana, ba zan ɓoye muku ba. Wasu suka ce ta ɓata al'ada, wasu suka ce dama sun san gashin ba nata ba ne. Aka yi ta yi har rijiyar bakin kasuwa ta rufta, aka sami sabon zance.

Gyambo ya warke. Gashi ya tsiro, gajere, baƙi, mai laushi kamar na jariri. Kafin wata kakar ya isa kamawa, Gwaggo ta yi mata ƙananan kitso. Sai dai akwai wuri ɗaya bisa kunnen hagu, faɗinsa kamar tafin babban yatsa, inda gyambon ya fi daɗewa. Nan ko sili bai sake fitowa ba. Duk ranar kitso Gwaggo takan danna wurin da yatsa ta ce, "Ga ladan bari sai gobe." Afiniki takan ce, "Na sani, Gwaggo." Ba ta ƙara rufe shi da na doki ba.

To, 'ya'yana, ku matso ku ji abin da misalin nan yake nufi.

Gashin nan shi ne abin da mutane suka san ka da shi, suna yabonka a kansa. Ba laifi ba ne, kyautar Allah ce. Amma akwai ranar da wani hali zai shiga ya kashe bakinsa, ko ƙarya, ko gaba da ɗan'uwa, ko kwalbar giya, ko abokin da kai ma ka san ba na kirki ba ne. A ranar farko tsawon yatsa kawai Ubangiji yake nema, ka ce na yi laifi, ka bari. Mu kuwa sai mu ce a bar shi ya huta. Mu nemi wanda zai ce mana ba komai, mu ɗora gashin doki a kai, wato mu ƙara ƙarfin waƙa da dogayen addu'o'i a gaban jama'a, alhali gyambo yana ci a ƙarƙashi.

Kada kuma ku ce abin da kuka ɓoye ku kaɗai yake ci. Yana faɗawa cikin miyar gidanku. Mijinki yana taunarsa, matarka tana taunarsa, yara suna haɗiya, sun yi shiru ne kawai don suna jiran ku faɗa da bakinku.

Amma kada wani ya fita nan ya ce na ce a yanke duk abin da ya ba shi wahala. Gwaggo ba ta ɗauki almakashi ba sai da ta duba saiwa. Yaron da ke jinkirin ganewa, auren da ya bushe don rashin kula, waɗannan masu rai ne, man kaɗanya suke so da haƙuri. Zunubi ne ba ya gyaruwa da jira. In ba ka iya rarrabewa ba, je ka wurin wanda ke ƙaunarka har ya iya ɓata maka rai, ka cire ɗankwali ya duba.

Tuba aski ce, kuma za a gan ka da kai a buɗe. Za a yi magana. Ku bar su, bakin mutane yana gajiya. Allah kuwa bai taɓa ganin kan da aka sunkuyar a gabansa ya yatsina fuska ba. Yana gafartawa sarai, yana kuma tsiro da sabo. Sai dai jinkiri yakan bar tabo, gafara ba kullum take mayar da gashi a wurin da saiwa ta mutu ba.

Saboda haka in kun koma gida yau, kowa ya ɗauki faifansa ya zagaya bayan ɗaki. Ku zaƙulo abin da kuke cusawa kaɗan-kaɗan, ku gan shi a haɗe. Wanda ya tarar tsawon yatsa ne ake nema a wurinsa, ya gode wa Allah, ya zauna a yanke tun yau.